Dokta Sharhabilu da Zabirar Ubansa

Duk wanda ya ce maka Abuja tana ƙara wa mutum hankali, ka ce ya zo unguwarmu a Talatar Mafara ya ga Sharhabilu. Wata takwas kacal ya yi a can, ya dawo mana da farar riga irin ta likitoci, da tabarau wanda ba na ciwon ido ba, da wata irin Hausa mai laƙwasa harshe da ko a rediyo ba mu saba ji ba. Ni Mas'udu tela, shagona yana kallon ƙofar gidansu. Abin da zan faɗa ba ji na yi ba, a kan idona aka yi shi, kuma har yau in na tuna sai raina ya fara ɓaci kafin dariya ta zo.

Ubansa, marigayi Wanzami Sadi, mutumin kirki ne mai sanyin hannu. Gida goma sha bakwai yake yi wa aiki tun daga kakanni. Shi ke aske jariri ranar suna, shi ke yi wa maigida ƙaho in jiki ya yi nauyi, in kaka ta yi kuma kowane gida ya aiko masa da damin gero ko buhun shinkafa. Da Allah ya karɓi abinsa, zabirarsa, jakar fatar nan da asake da ƙahoni ke ciki, ta koma ajiya hannun ƙanwarsa Gwaggo Turai. A al'adar gidan, wanda aka miƙa wa zabira shi ya gaji gidajen. Mutum biyu ake kallo. Akwai Jibo, wanda ya shekara ashirin yana wasa wa Sadi aska kafin ya koma Bakura ya kafa kansa. Akwai kuma ɗan cikinsa, Sharhabilu, wanda tun yana yaro in aka ce ya riƙe ƙaho sai cikinsa ya fara ciwo.

Gwaggo Turai ɗan ɗan'uwanta take so, ba ta ɓoye wa kowa ba. Sai dai maganar ba a hannunta kaɗai take ba. Alhaji Barau, babban manomin shinkafa a fadamar Bakolori, gidansa ya fi kowanne girma a cikin sha bakwai ɗin, kuma inda ya sa ƙafa nan sauran ke sawa. Ranar addu'ar arba'in ya yanke magana a gaban kowa: surukarsa tana da tsohon ciki, wanda ya aske abin da ta haifa ranar suna shi ne wanzamin gidansa, kafin nan kuma zai zuba ido ya ga kamun ludayin Sharhabilu.

Mai hankali da ya ji haka, dutsen wasa aska zai nema ya zauna koyo. Sharhabilu fenti ya nema. Washegari muka tashi muka ga bangon zaure ya sha rubutu da manyan baƙaƙe: CIBIYAR GYARAN FATA TA ZAMANI, DOKTA SHARHABILU NA ABUJA. A ƙasa kuma: fuska, ƙuraje, tabo, jijiyar ƙafa, ba yanka ba ɗinki.

Na tsallaka na gaishe shi.

"Sharhabilu, an tashi lahiya? Ya ƙarin haƙuri? Wanga rubutu hwa?"

"Dokta za ka ce, Malam Mas'udu. Zamanin aska ya wuce. Yanzu da kimiyya ake gyara fata."

"To, ikon Allah. Cikin wata takwas anka koya maka likita?"

"Ai kai ne da ni. Abin da wani ke shekara bakwai yana karantawa, ni kallo ɗaya nake yi masa."

A nan dai bai yi ƙarya ba, kallon ne kawai. Direbobin da ke zirga-zirgar Abuja sun riga sun ba mu labari. A wani asibitin gyaran fata na matan manya yake gadi, yana buɗe ƙofa yana nuna wa motoci wurin tsayawa. Duk iliminsa ta taga ya leƙo shi. Ya ga ana turara fuska, ya ga ana shafa wani magani da ke sa tsohuwar fata ta saɓe, ya ga ana sa wa masu kumburarrun jijiyoyi doguwar safa mai matse ƙafa. Abin da ke cikin kwalaben, da minti nawa ake yi, da wanda bai kamata a yi wa ba, taga ba ta nuna masa ba.

Wanda ya fara faɗawa hannunsa shi ne Fa'izu ɗan kabu-kabu, wanda ƙuraje suka yi wa fuska kaca-kaca har abokansa na tasha ke kiransa kantun riɗi. Dokta ya duba shi ta saman tabarau, ya ce turare yake buƙata. Injin tururi dai babu. Amma Gwaggo Turai sana'arta turara shinkafa, tana da rabin duro da take ɗorawa a murhu a tsakar gida. Ta ce ta yarda a yi amfani da tururinta, da sharaɗin ba za a tsayar mata da aiki ba. Don haka aka zuba shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, a duro kamar kullum, aka hura wuta, aka durƙusar da Fa'izu ya sunkuyar da kai a bakin duron, aka lulluɓe shi da shinkafar baki ɗaya da buhun algarara.

Ihun da na ji ne ya sa na bar keken ɗinki na shiga.

"Dokta, akwai zahi!"

"Zafin ne maganin."

"Dokta, ba ni ganin komi!"

"Ba kallo ka zo yi ba."

"Wallahi hancina na zuba!"

Sharhabilu ya duba agogonsa, wanda na san ba ya aiki, ya ce ya isa haka, ya kai hannu zai ɗaga buhu. Gwaggo Turai ta doke hannun da muciya.

"Kul! Ka buɗe tururi shi hita, shinkahwata ta lalace? Ba a ɗaga buhu sai ta tsage baki."

"Gwaggo, akwai mutum a ciki."

"Shi yak kawo kainai. Ni shinkahwata nis sani." Ta ƙara tura itace.

Haka Fa'izu ya zauna har shanshera ta tsage baki. Da aka yaye shi, fuskar ta kumbura ta yi sumul kamar fanke, idanu sun koma ciki, ƙaiƙayi ya manne a gira. Kuma ga abin haushi: kumburin ya shanye ƙurajen, ko ɗaya ba a gani. Sharhabilu ya ja shi har bakin titi yana nuna wa masu wucewa.

"Jama'a, ku duba! Ina ƙurajen? Wa ya ga ƙurji?"

Kwana biyu Fa'izu yana ɗaukar fasinja yana ƙamshin dafaffiyar shinkafa, awaki na bin babur ɗinsa. A rana ta uku kumburi ya sace, ƙuraje suka dawo har da 'yan rakiya. Amma kafin nan labari ya riga ya kai Maradun cewa ɗan Sadi ya dawo da maganin fuska na Turawa.

Daga nan kai ya ƙara girma. Ya ce saura maganin tabo. Na gan shi da idona yana haɗawa a kwanon sha: lemun tsami, kanwa, toka, dakakken ɓuntun shinkafa, da garin soda irin wanda mata ke haɗa sabulu da shi. Abin yana tafasa shi kaɗai ba wuta. Ya roƙe ni ƙyalle zai gwada, na ba shi guntun shadda mai tabon mai. Ya shafa, muka jira. Tabon ya tafi, shaddar ma ta bi shi, sai rami.

"Ka gani?" in ji shi, yana leƙena ta cikin ramin. "Tabo ya fita."

"Shahwa ma huskarka mu gani."

"Fuskata ba ta da tabo."

Wanzami dai ba ya son jarfa. Na je na sami Gwaggo Turai na ce ta ja masa kunne tun bai kashe wani ba. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Mas'udu, hassada ba ta yi ma kyau. Ɗan Sadi na, jinin aska na jikinai. Barewa ba ta gudu ɗanta shi yi rarrahe."

Na ce Allah ya ba ta haƙuri, na koma kan kekena. A raina na ce wannan ɗan barewar ko rarrafen bai iya ba.

Ranar Talata Jibo ya zo cin kasuwa daga Bakura, ya biyo gaishe da Gwaggo. Mutum ne mai furfura a gemu, ba ya ɗaga murya. Ya tsaya ya karanta bango har ƙarshe, sannan ya yi sallama, aka gaisa, aka tambayi gida da iyali da mutanen Bakura.

"Sharhabilu," in ji Jibo, "na ji matar ɗan Alhaji ta kusa. Ba a hwahe gora ranar tahiya. In kana so, in zamna kwana biyu in gwada ma yadda aka riƙon kan jinjiri. Akwai maɗiga, wurin tabshi gare shi, hannu na son sabo."

"Kai za ka koya mini?"

"Abin da babanka yak koya min za ni mai da ma. Naka na."

"Malam Jibo, ni da na yi aiki inda ake ƙona tabo da hasken lantarki, ni za ka zaunar ka koya wa tsotsar ƙahon saniya?"

"Ƙahon saniyar nan shi yac ciyar da kai har kag girma."

"Shi ya sa na daɗe ban yi ƙiba ba."

Jibo ya miƙe. Ya ajiye wa Gwaggo ƙullin goro ya tafi. Ni kam da ina da iko da na bi Sharhabilu da almakashi, don ban taɓa jin ɗa ya yi wa sana'ar ubansa irin wannan rashin kunya ba, kabarin ma bai gama bushewa ba.

Ranar Asabar surukar Alhaji Barau ta sauka lafiya, aka sami mace. Suna Asabar mai zuwa ke nan. Ranar Talata da azahar sai ga Alhaji da kansa a ƙofar cibiya.

Bari in kwatanta muku Alhaji Barau. Shekara talatin da wani abu yana tsaye cikin ruwan fadama, jijiyoyin ƙafafunsa sun kumbura sun nannaɗe daga idon sawu har gwiwa, in ya daɗe tsaye sai su yi ta zogi. Abin da ya kawo shi ke nan, yana so ranar suna ya iya tsayawa ya tarbi baƙi. Abu na biyu da kowa ya san shi da shi, baƙin tabon sujada ne a tsakiyar goshi, mai kauri, wanda sahun gaba ya gina masa a hankali. Allah ne ya san zuciya, kuma ba wanda ya taɓa riga Alhaji zuwa masallaci. Amma mu dai mun san hularsa ba iska ke tura ta ƙeya ba.

Dokta ya zo wurina da gudu wai in ɗinka masa safa mai matsewa. Na ce ni riga da wando na iya. Sai ya wuce wurin mai faci ya samo robar cikin tayar babur, irin wadda ake yankawa a ɗaure kaya. Ya kwantar da Alhaji a benci, ya naɗe ƙafafun tun daga idon sawu har gwiwa, yana ja yana taka benci da ƙafa ɗaya, kamar mai ɗaure buhun albasa za a kai Gusau. Ya ce jijiya hanya take nema, in an toshe mata waje dole ta koma ciki. Sannan ya ɗora masa jiƙaƙƙen tsumma a ido ya ce ya huta. Alhaji ya ci tuwon rana kafin ya fito, nan da nan ya fara minshari.

Bayan kamar rabin awa na ga Alhaji ya fito yana tafiya kamar mai tsallaka kunyar gona, ƙafafu a sandare, ga farar filasta a goshi.

"Dokta, goshina na raɗaɗi. Mi kas sa min?"

"Gyara ce na yi maka, Alhaji, kamar yadda mai tumatir ke ƙara wa babban mai saye. Kada ka buɗe, kada ka kwance, sai ranar suna. Ni zan buɗe da hannuna."

Alhaji ya ɗauka maganin ciwon kai ne, ya sa albarka, Fa'izu ya ɗora shi a babur. Suna ɓacewa Sharhabilu ya tsallako shagona yana murza hannu.

"Malam Mas'udu, zabira ta zama tawa. Akwai wani tsohon tabo a goshin mutumin nan, ban san yadda ya haƙura da shi shekara da shekaru ba. Na shafe shi da haɗin nan, har sau biyu."

Allurar keke ta kusa shiga yatsana.

"Wane tabo?"

"Baƙin nan na tsakiya."

"Innalillahi! Sharhabilu, shaidar sallatai ta!"

"Ko ta mece ce, tabo tabo ne. A Abuja da kuɗi masu yawa ake cire irinsa. Zai gode mini."

Ban yi mamaki sosai ba, goshin Sharhabilu da tabarmar masallaci ba su cika gaisawa ba. Na so in bi Alhaji in gaya masa, amma aikin gama ya gama, kuma gaskiya ban ga dalilin da zai sa ni in zama mai kai wannan labari ba. Na ja bakina na yi shiru.

Rigima ta fara tun la'asar. Alhaji ya zauna a dakalin masallaci da buta a hannu, ya wanke fuska yana kewaye filasta, ya zo kan ƙafa ya tsaya. Aka aika aka kira Dokta. Ladan, Malam Giɗaɗo, yana tsaye yana jira.

"Sai ya yi shafa," in ji Sharhabilu, "kamar yadda ake yi a kan huffi."

"Huffi hwata ta," in ji Malam Giɗaɗo. "Wagga taya ta. Wane littahi kag gani anka yi shahwa bisa taya?"

"Malam, kowa da fanninsa."

"To wanga hwannina na. A kwance."

"In aka kwance kafin kwana huɗu, jijiya za ta fashe. In ta fashe ba ruwana."

Alhaji ya rungume gwiwoyinsa ya ce kada wanda ya taɓa. Malam Giɗaɗo ya shafa gemu, ya ce in lalura ce shari'a ta yarda a shafa a kan ɗauri, amma shi tun da yake bai taɓa ganin lalurar da mutum ya tafi da ƙafarsa ya sayo ba. Aka tayar da salla. Alhaji ya kai goshi ƙasa sau ɗaya, muka ji ya ja numfashi ta haƙori. Daga ranar a gida yake salla a zaune, sahun gaba ya kwana huɗu da giɓi. Allah ya so shi da rahama, uwargidansa Hajiya Amira takan sassauta robar a ɓoye in ta ga yatsun sun fara canja launi. Ba don ita ba, da wani labarin nake ba ku.

Ranar Asabar da hantsi ƙofar gidan Alhaji ta cika. An shimfiɗa tabarmi har bakin hanya, ga mutanen Bakura, ga na Maradun tare da yayan Alhaji, wani tsoho mai kaifin baki da ake kira Gajere. Masu gidajen nan sha shida duk suna nan. Jibo ma ya zo, ya zauna can gefe kamar kowane baƙo. Alhaji na kan kujera, babbar riga ta rufe ƙafafu, hula kuma yau ta sauko har gira. Liman ya yi addu'a, aka raɗa wa yarinya Zahra'u, aka fara rabon goro da dabino.

Sai ga Dokta cikin farar riga, da jaka a hannu. Bai zauna ba, bai gaisa da kowa ba, ya tsaya a tsakiya ya yi gyaran murya.

"Jama'a, kafin a yi aski, ina so ku shaida bambancin da da yanzu. Alhaji, miƙo ƙafa."

Ya yaye rigar, ya sa almakashi ya datse ƙullin. Robar da ta kwana huɗu a miƙe ta ƙwace, ta yi bulala a iska, ta tafi da farantin goron da ke hannun Malam Giɗaɗo. Goro ya watse, mutane suka bi shi. Da aka natsu, sai aka dubi ƙafa. Ta yi gaɓa-gaɓa kamar rake. Jijiyoyin ba inda suka je, sun dai taru a tsakanin layukan sun ƙara kauri, wasu sun haura bayan gwiwa. A kan ƙwauri ga lambobin taya sun fito raɗau, a gefe kuma wani zagayayyen shaci. Ga wani wari da ya sa na kusa suka ja da baya.

Gajere ya sunkuya ya duba shacin da kyau.

"Barau, yaushe anka yi ma ƙahwarka hwaci?"

Dariya ta ɓarke. Wani daga baya ya ce a duba ko tana sacewa, wani ya ce a kira mai ba da iska. Sharhabilu ya ɗaga hannu.

"Wannan matakin farko ne, sai an yi sau shida. Ku bar ta ƙafa. Ga babban aikin."

Kafin Alhaji ya ankara, ya cire masa hula, ya kama bakin filasta ya fizge. Ɓawon da ke ƙasa ya biyo ta.

Na sha ganin taro ya yi shiru, ban taɓa ganin irin wannan ba. Inda baƙin tabon yake, yanzu wani fili ne zagayayye, fari da ja-ja, yana ƙyalli. Liman ya sunkuyar da kai. Malam Giɗaɗo ya buɗe baki ya manta bai rufe ba. Alhaji kaɗai ne bai san abin da ake kallo ba, yana ta bin fuskokin mutane da ido.

"Mi ne ne? Mi kuka kallo?"

"Barau," in ji Gajere a hankali, "ina shaidarka?"

"Wace shaida?"

"Ta goshi."

Alhaji ya kai hannu ya taɓa, ya janye da sauri. Ya ce a ba shi madubi. Ba wanda ya motsa sai Fa'izu, wanda ya daɗe yana jiran rana irin wannan. Ya ruga ya kwance madubin babur ɗinsa ya kawo da hannu biyu, har da rusunawa.

Alhaji ya duba. Ya goge madubin da hannun riga ya sake dubawa.

"Shekara talatin da huɗu," in ji shi. "Sharhabilu, ina kak kai ta?"

"Alhaji, ai ka koma ɗan shekara ashirin. Dubi yadda goshin ke haske."

"Ƙwarai kuwa," in ji Gajere. "Awa wanda yaf fara salla shekaranjiya."

Malam Giɗaɗo ya matso yana ba da haƙuri. "Alhaji, kwantar da ranka. Lada tana wurin Allah, soda ba ta kai can."

"Na sani, Malam! Amma ta can wa ka ganin ta?"

Wannan karon har Liman sai da ya rufe baki da gefen rawani. Alhaji ya zabura zai kama Sharhabilu, ƙafafun da suka kwana huɗu a ɗaure suka ƙi ɗaukarsa, ya koma kan kujera daɓas. Ya laluba ya sami takalmi ya jefa, ya sami wani baƙo daga Maradun a kafaɗa. Ya jefa ɗayan, ya sami ƙofar gida.

Kuna tsammanin mutumin ya gudu? Ko gezau. Ya gyara tabarau, ya buɗe jaka, ya zaro injin aski mai batir irin na shagon samari.

"Alhaji zai huce in ya saba da sabuwar fuskarsa. A fito da jaririya, lokaci na tafiya."

Ya kunna. Abin ya ɗauki ƙara kamar injin markaɗe, har hannunsa na karkarwa. Daga cikin gida muka ji jaririya ta tsala kuka, muka ji muryar Hajiya Amira tana rantsuwa cewa wannan abu ba zai taɓa kan jikarta ba sai dai in ita aka fara askewa. Masu gidajen nan sha shida suka dubi juna, suka dubi goshin Alhaji, kowa ya ja hularsa ƙasa.

A nan Gwaggo Turai ta fito daga zaure. Tun safe tana cikin gida tare da tsofaffin mata, ta zo da zabirar a naɗe cikin sabon zane don ta miƙa ta a gaban jama'a, kuma duk abin da ya faru ta gani ta bakin ƙofa. Ta warware zanen. Fatar ta yi baƙi don tsufa, madaurin ya sha hannun Sadi har ya yi santsi. Mutane suka buɗe mata hanya.

Sharhabilu ya yi murmushi, ya soke injin a hammata yana ta ƙara, ya miƙa hannu biyu.

Ta wuce shi kamar ba ta gan shi ba. Ta taka har gefen da Jibo ke zaune, ta durƙusa da ƙyar, ta ajiye zabirar a gabansa.

"Jibo, tashi ka aske ɗiyar mutane. Rana ta yi."

Hausar Abuja ta gudu ta bar Sharhabilu a wurin.

"Gwaggo! Mi kika yi haka? Zabirar babana ta hwa!"

Ta miƙe tana dafa gwiwa. Idanunta sun cika da hawaye, kuma ita kaɗai na tausaya wa a duk taron nan, don na san abin da ta so. Ta dube shi tun daga tabarau har takalmi.

"Shi yas sa," in ji ta.

Jibo ya yi bisimilla, ya zaro aska ya gwada kaifinta a bayan hannu, ya rataya zabira ya bi ta cikin gida. Ba a jima ba kukan jaririya ya tsaya.